Yadda Aka Yi Mini Jinyar Ciwon Damuwa da Allurar Sinawa a Gwangzu

Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, kuma na daɗe ina zaune a birnin Gwangzu da ke kudancin ƙasar Sin, inda nake saya wa mutanenmu yadi da takalma da kayan waya, in haɗa musu a kwantena in tura gida. Zan ba da labarin yadda aka yi mini jinyar wani ciwo da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wanda gwaje-gwajen asibiti suka kasa nuna tushensa, ta hanyar tsira siraran allurai a jiki da shan jiƙon saiwoyi irin na gargajiyar Sinawa. Na ga ya kamata in rubuta shi dalla-dalla saboda na san 'yan'uwa da yawa, maza da mata, da ke fama da irin wannan ciwo suna ɓoyewa, don gudun kada a ce raki ne ko kuma a ce sun taɓu.

A ƙarshen watan Maris na 2020 ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga baƙi saboda annobar korona, Najeriya ma ta rufe filayen jiragenta. A watan Afrilu aka yi ta fitar da baƙar fata daga gidajen haya da masaukai a Gwangzu, ni ma mai gidan da nake haya ya ba ni wa'adi, na kwashe kayana na koma ɗakin wani ɗan'uwa. Kayan mutane sun maƙale, kuɗin amana na hannuna, waya ba ta daina ƙara ba dare da rana. A cikin wannan watan ne aka yi ta rasa dattawa a Kano, kuma mahaifina yana cikinsu. Labarin ya iske ni ta waya bayan an kai shi makwancinsa. Ban sallace shi ba, ban zauna karɓar gaisuwa tare da ƙannena ba, kuma washegari na ci gaba da amsa kiran masu tambayar kayansu, domin a ganina ta maza ke nan.

Ciwon ya soma ne 'yan watanni bayan haka. Daga dokin wuya yake tasowa, ya gangara kafaɗar dama, ya zauna a ƙarƙashin allon kafaɗa yana zugi, wani lokaci kuma ya haura ƙeya ya ɗaure mini kai. Barci ya zama rabi da rabi. Sai in farka tsakar dare haƙorana a datse. An ɗauki hoton ƙashi, an sa ni a na'urar MRI, an ɗebi jini, kuma duk abin da aka gani shi ne ɗan zaizayewar guringuntsin wuya wanda likita ya ce kowane mai shekaruna yana da shi. Maganin kashe zafi da aka rubuta mini ya soma cin cikina. Wani abokin harka ya miƙo mini tiramadol, na ƙi karɓa saboda na ga abin da ta yi wa samarin unguwarmu. Hajiya, mahaifiyata, ta fi karkata ga cewa jifa ne, ta sa aka yi ta saukar Alƙur'ani, ni ma ban saki addu'a ba. Amma maganar da ta fi ƙona mini rai ita ce wadda na riƙa ji daga bakin likitoci da abokai, wato ba ka da komai, alhali ko rigata ba na iya cirewa sai na cije leɓe.

Wani ɗalibin likitanci ɗan Damagaram, wanda muke haɗuwa da shi a sallar Juma'a a masallacin da ake dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, shi ya fara yi mini wata magana dabam. Ya lura ina juyawa da dukkan jikina wajen sallama, sai ya tambaye ni, na ba shi labari. Ya ce, "Alhaji, ciwon da ya wuce wata uku ba a ga rauni ba, ba ƙarya ba ne, ciwo ne mai zaman kansa, kuma yana da suna a littattafanmu. In ka yarda, zan raka ka sashen allura in yi maka tafinta." Na ce, "Ƙanena, in dai za a samu sauƙi, mu je."

Asibitin da muka je babba ne, na gwamnati, kuma na maganin gargajiya, amma akwai ɗakin tiyata da na gwajin jini da duk abin da aka sani a asibitin zamani. Da fasfo ake yankar kati, a biya kuɗin ganin likita ta waya, a jira lamba ta fito a allo. Tun daga baranda ake jin ƙaurin hayaƙin wani ganye da suke ƙonawa kusa da fata don ɗumama ta, ganyen kuwa ɗan'uwan tazargade ne. Gadaje ne a jere da labule a tsakaninsu, tsofaffi da ma'aikatan ofis kwance da allurai a bayansu, wasu har da minshari.

Likitan dattijo ne, kuma kafin ya taɓa ni sai da ya ɗaga hotunan MRI ya duba, ya karanta sakamakon jini, ya gwada ƙarfin hannuwana da yatsuna, ya tambaya ko na rame, ko ina zazzaɓi, ko hannu yana mutuwa. Sai da ya gamsu cewa babu alamar ƙari ko danne jijiya sannan ya koma ga nasu salon, wanda ya ginu a kan abu huɗu: dubawa, saurare da shinshina, tambaya, da taɓawa. Ya sa na fito da harshe, ya daɗe yana kallon launinsa da gefunansa da farin da ke kansa. Ya ɗora yatsu uku a tsintsiyar hannuna ta dama, yana dannawa yana sassautawa, ya koma ta hagu, ɗakin ya yi tsit. Daga nan tambayoyi suka fara zuwa ta bakin ɗan Damagaram, kuma ba irin waɗanda na saba ji ba ne. Ƙarfe nawa nake farkawa? Ina yawan ajiyar zuciya? Ina jin ɗacin baki da safe? Cikina yana kumbura bayan cin abinci? Ina jin kamar wani abu ya tokare mini maƙogwaro? Ina saurin fushi? Ciwon yana zama wuri guda ko yana yawo, kuma yana ƙaruwa ranar da raina ya ɓaci? Kusan duka na amsa da e, ina mamakin yadda ya san abubuwan da ko matata ban faɗa wa ba.

Sannan ya ajiye alƙalami ya yi tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini a cikin shekara guda da 'yan watanni na yawon asibiti: me ya same ni kafin ciwon ya fara? Na buɗe baki in ce babu komai, sai maganar mahaifina ta fito, kuma ban iya ƙarasa ta ba. Tafintan ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba, Alhaji," sannan ya fassara. Likitan bai nuna mamaki ba, bai kuma yi gaggawar rarrashina ba. Ya jira har na natsu, sannan ya ce a wajensu sunan wannan hali toshewar ƙarfin hanta, kuma suna ganin masu shi kullum.

Na tsorata da jin hanta, sai ya nuna mini takardar jini ya ce hantata lafiyarta ƙalau, abin da suke nufi dabam ne. A fahimtarsu, wadda tushenta ke cikin wani tsohon littafin likitanci mai suna Huangdi Neijing da aka tattara fiye da shekara 2,000 da suka wuce, akwai wani ƙarfi da suke kira "ci" da Sinanci, wanda ke zagayawa ta hanyoyi a cikin jiki, manya 12 da wasu biyu a gaba da baya. Kowane hali na zuciya yana da gaɓar da yake taɓawa: fushi hanta, baƙin ciki huhu, yawan tunani saifa, tsoro ƙoda, farin cikin da ya wuce kima kuma zuciya. Aikin hanta a wannan tsari shi ne ta sa komai ya gudana ba cikas, don haka idan mutum ya danne ɓacin rai ya hana shi fita, gudanar takan tsaya, kuma ƙa'idarsu ita ce duk inda gudana ta tsaya, nan ciwo yake sauka. Ni ban ɗauki wannan bayani a matsayin abin da za a tsaga jiki a gani ba, domin masu ilimin sassan jiki ba su gano waɗannan hanyoyi ba. Amma na ga amfaninsa da idona. Tsari ne da bai raba zuciya da gangar jiki ba, saboda haka mutum yana iya faɗin damuwarsa a gaban likita ba tare da ya ji an mayar da shi mai taɓin hankali ba, kuma ba tare da an ƙaryata ciwon kafaɗarsa ba.

Aka sa ni na kwanta rigingine. Ya ɓare allurai daga cikin leda a gabana. Na ƙarfe ne marar tsatsa, kaurinsu bai kai sulusin milimita ba, ba su da rami a ciki domin ba a ɗura komai da su, kuma sau ɗaya ake amfani da kowace. Ya goge wurin da auduga, ya tsira ta farko a tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, wurin da suke kira Hegu. Shigarta ban ji komai ba sai ɗan tsiko. Da ya murza ta da yatsu biyu kuwa, sai wani nauyi mai tsami ya bazu a tafin hannuna ya haura zuwa gwiwar hannu, na zabura. Ya gyaɗa kai, ya ce wannan jin shi ake nema, alama ce allura ta kama. Ya sa ɗaya a ɗaya hannun, ya sa biyu a bayan ƙafafuna tsakanin babban yatsa da mai bi masa, wato Taichong, ya ce waɗannan huɗun idan aka haɗa su ana kiransu ƙofofi huɗu, kuma su ne farkon abin da ake buɗewa ga mai irin halina. Ya ƙara ɗaya a tsakar ka, ɗaya tsakanin girare, ɗaya a cikin tsintsiyar hannu saboda barci, biyu a ƙasan gwiwa saboda ciki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a ranar farko ko kusa da kafaɗar da ke ciwo bai je ba.

Aka jawo wata fitila mai ɗumi kan ƙafafuna, aka ja labule, aka bar ni kusan rabin sa'a. Da farko jikina a sandare yake, ina tsoron motsi. Can sai na ji muƙamuƙina ya saki, numfashina ya sauka ciki, hawaye suka riƙa gangarowa ta gefen ido zuwa kunne ba tare da na yi niyyar kuka ba. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ta ajiye takardar share fuska kusa da hannuna, ta koma. A daren nan na yi barci har kiran asalatu. Ciwon bai tafi ba, ya dawo da hantsi, amma na samu tabbacin cewa yana iya sassautawa, abin da na riga na fid da rai da shi.

A al'adarsu zangon jinya yakan kai zama goma, sau biyu ko uku a mako, sannan a duba a ga inda aka kwana. Daga zama na gaba aka riƙa kifa ni, ana sa allura a ramukan da ke ƙarƙashin ƙeya da gefen ƙashin baya da kan kafaɗa. Wani lokaci a maƙala wa allurai biyu waya daga wata 'yar na'ura mai batir, tsokar ta riƙa harbawa a hankali. An yi mini ƙaho ma, da kofunan gilashi da ake zura wa wuta a kifa a baya, sai dai ba a tsaga fata kamar yadda wanzamanmu suke yi ba, shatinsa kawai ya zauna mako guda. Sauƙin bai zo a miƙe ba. Akwai makon da na ji kamar na warke, sai wani mai kaya ya kira ya zazzaga mini magana, kafin magariba kafaɗar ta ɗaure. Likitan ya sa na riƙa rubuta ƙarfin ciwon kullum daga sifiri zuwa 10, da abin da ya faru a ranar, kuma da muka duba takardar tare, ni da kaina na ga yadda lambobin suke hawa da sauka tare da ɓacin rai da ƙarancin barci, ba tare da ɗaukar kaya ba.

Maganin sha da ya rubuta mini ya samo asali ne daga wani haɗi mai suna Xiaoyao, wanda aka san shi tun zamanin daular Song, shekaru kusan 900 da suka wuce. A cikinsa akwai saiwar chaihu wadda ita ce jagorar haɗin, da saiwoyin danggui da baishao da baizhu, da fuling wanda ke tsirowa a jikin saiwar bishiya a ƙarƙashin ƙasa, da saiwar gancao mai zaƙi, da na'a-na'a da citta. A nan ne na tsaya na yi tambayar da nake ganin ta wajaba a kan kowane Musulmi, domin a cikin magungunan gargajiyar Sin akwai kunama da shanshani da tana, akwai saiwoyin da ake sarrafawa da giya, akwai kuma ejiao da ake dafawa daga fatar jaki, wanda neman sa ne ya sa aka yi ta kwashe jakunan ƙasashenmu har Nijar ta hana fitar da su a 2016. Likitan ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya tare da tafinta, ya rubuta wa masu haɗa magani cewa kada a sa wanda aka taɓa da giya. Asibitin ne yake dafawa, ya ɗura a ƙananan ledoji, in ɗumama ɗaya safe ɗaya yamma. Yana da ɗaci da bauri, kuma duk mako sai an sake duba harshe da bugun jijiya a rage wani abu a ƙara wani. Kumburin ciki da ɗacin baki sun ragu a lokacin da nake sha. An riƙa yi mini awon hawan jini saboda gancao yana iya jawo shi idan aka daɗe ana sha, kuma bayan 'yan makonni likitan da kansa ya ce in dakata.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne bai riƙe ni shi kaɗai ba. Wajen tsakiyar zangon farko ya ce allura tana buɗe ƙofa ne kawai, ya rubuta mini takarda zuwa sashen kula da lafiyar tunani na asibitin. Na yi jim, domin wannan ne wurin da nake gudu tun farko, amma ɗan Damagaram ya ce, "Alhaji, wanda ya yarda aka tsira masa allura a tsakar ka, ai zama a yi magana ba zai gagare shi ba." Likitar da na gani a can ta yi mini bayani da ilimin zamani. Ta ce ƙwaƙwalwa da lakar baya su ne suke yanke hukuncin yawan zafin da mutum zai ji, kuma idan aka daɗe cikin firgici da rashin barci, sai su ƙara kaifi har su riƙa ɗaukar ɗan ɗaurewar tsoka a matsayin babban rauni. Na ce mata a wajenmu ana cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ta ce haka jijiyoyina suka koma. Ta ba ni ƙaramin awo na amitiriftilin, wata ƙwayar maganin damuwa, in riƙa sha da dare, ta koya mini sassauta numfashi, ta sa na ajiye waya bayan isha'i, kuma ta nace in kira ƙannena mu yi maganar mahaifinmu, ba maganar gado ko kasuwa ba. Likitan allura kuma ya koya mini wani motsa jiki mai rukuni takwas da suke kira Baduanjin, na riƙa yi da safe a lambun Yuexiu tare da tsofaffin unguwa.

Daga baya na nemi sanin abin da masu bincike suka gano, domin ba na son in tallata wa jama'a abin da ban auna ba. A Jamus an yi gwaji a kan masu ciwon baya 1,162 wanda aka buga a 2007. Bayan wata shida, kashi 47.6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allura a wuraren da Sinawa suka ƙayyade sun samu sauƙi, kashi 44.2 na waɗanda aka tsira musu sama-sama a wasu wurare dabam su ma sun samu, alhali masu jinyar asibiti da aka saba kashi 27.4 ne. Wani nazari na 2018 da ya haɗa gwaje-gwaje 39 da marasa lafiya 20,827 ya nuna cewa allurar gaske ta fi ta kwaikwayo, amma da ɗan rata, kuma ta fi rashin yin allurar da rata mai faɗi. A 2021 hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce ga mai daɗaɗɗen ciwon da ba a ga tushensa a jiki ba, a duba motsa jiki, da jinyar magana, da wasu magungunan damuwa, da zango guda na allura, kuma kada a ɗora shi a kan farasitamol ko dangin ibufurofen ko masu ƙarfi irin su tiramadol. Abin da na fahimta shi ne allurar tana aiki ga mutane da yawa, amma ba duk aikin ba ne yake fitowa daga daidaita wurin tsirawa. Wani kaso daga sinadaran rage zafi ne da jiki ke saki, wani daga kwanciyar rabin sa'a ba waya ba hayaniya, wani kuma daga samun wanda ya saurare ka ya gaskata ka. Wannan bai rage mata ƙima a wajena ba, amma ya hana ni cewa ita kaɗai ta tashe ni.

Akwai hatsarin da bai kamata a ɓoye ba. Allurar da aka zurfafa a saman kafaɗa ko ƙirji tana iya huda huhu, wadda aka maimaita kuma tana iya ɗaukar ciwon hanta daga wani zuwa wani, mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini dole su faɗa tun kafin a fara. A Beljiyam, a farkon shekarun 1990, ƙodar mata da dama ta lalace saboda wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa saiwa mai guba a madadin wadda aka nufa. Don haka ban yarda mutum ya sayi ƙullin magani mai rubutun Sinanci a kasuwa ko ta intanet ya kama sha ba, kuma ban yarda a fara allura ba sai likitan asibiti ya tabbatar babu wata cuta a ɓoye.

Bayan zango na biyu ciwon ya sauka zuwa inda nake yini ban tuna da shi ba, aka mayar da zaman sau ɗaya a mako, sannan sau ɗaya a wata, sannan aka sallame ni. Ƙwayar dare ma an janye ta a hankali bisa umarnin likita. A tsakiyar 2023, lokacin da darajar naira ta faɗi kuma lissafin kayan da ke kan ruwa ya rikice, kafaɗar ta sake ɗaurewa kamar da. Wannan karon ban nemi a sake ɗaukar hoto ba, domin likita ya gwada ni ya ce babu buƙata. Na koma aka yi mini gajeren zangon allura ba tare da jiƙo ba, na dawo da rubuta lambobin ciwo da fita lambu da safe, na kira masu kayan ɗaya bayan ɗaya muka raba asarar a fili, kuma kafin wata ya ƙare ina iya juya wuya in yi sallama dama da hagu.